Sharhi kan takalmin masu ciwon suga

Likitan da ke duba ni ne ya ba ni shawarar komawa takalmi na musamman, bayan ya danna tafin ƙafata da siririn zaren gwaji na giram 10, ban ji komai ba a ƙarƙashin babban yatsa. Wannan alama ce ta lalacewar jijiyoyi, wadda ke sa mai ciwon suga ya yi bororo ko ya taka wani abu bai sani ba, har ciwon ya rikiɗe ya zama gyambo. Bincike ya nuna cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma yawancin yanke ƙafar da ake yi musu a duniya daga gyambo yake farawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne cikin takalmin. Na zura hannu na shafa daga dunduniya zuwa yatsu, ban ji tudun ɗinki ko ɗaya ba, gabansa kuma yana da faɗi da zurfi, yatsu suna zaune a sake. An auna ni da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, aka bar rarar kusan santimita ɗaya da rabi a gaba. Shimfiɗar cikin, wadda aka yi daidai siffar tafina, ta raba nauyin jiki yadda ya kamata, shi ya sa kantar da ke yawan taruwa a gefen ƙafata ta ragu sosai.

Sai dai yana da nauyi, yana riƙe zafi, kuma gaskiya ba takalmin ado ba ne. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin abin da mutum ba ya jin daɗin sawa zai cire shi da zarar ya shiga gida, alhali a cikin gida mutane da yawa suka fi yin tafiya, kuma ƙa'idojin 2023 na IWGDF, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu ciwon suga, sun hana tafiya ba takalmi ko da a ɗaki ne. Shimfiɗar ma takan lotse da amfani, dole a riƙa sauya ta.

Ina ba mai lalacewar jijiyoyi shawarar ya saya, amma bayan ƙwararre ya auna ƙafarsa. Wanda yake da buɗaɗɗen ciwo kuwa, asibiti ya kamata ya fara zuwa, domin wannan takalmin na rigakafi ne, ba ya warkar da gyambo.