Ƙamus na Farisanci: duba salon rubuta lafazi kafin ka biya kuɗi

Farisanci yana da haruffa 32, wato na Larabci 28 da ƙarin huɗu: پ چ ژ گ. Ba a sa wa rubutunsa fataha ko kisira ko rufu'a, shi ya sa کرم ke iya zama kerm (tsutsa), ko karam (karamci), ko kerem (man shafawa). Ƙamus ɗin da bai rubuta lafazi da boko a gefen kowace kalma ba, rabin aiki ya yi maka.

Iri biyu za ka fi tararwa. Na farko yana bin harafi: kowane baƙi da alamarsa, da ɗigo a ƙasa ko a sama, don a iya mayar da kalma rubutunta na asali. Ƙamus ɗin Steingass na 1892 haka yake, kuma tsohon furuci yake nunawa. Mai karatun waƙoƙin Hafiz da Sa'adi zai more shi. Mai son magana kuwa zai ɓata, domin a bakin Ba'irane ز ذ ض ظ duk z ne, ث س ص kuma duk s. Wanda ya yi karatun allo ya kiyaye nan: tajwidi ba ya aiki a Farisanci.

Na biyu yana bin sauti, da wasulan Iran shida: a, e, o, â, i, u. Shi ya dace da ɗalibi ko ɗan kasuwa mai zuwa Tehran. In an haɗa da alamomin IPA (alamomin rubuta sautin magana na ƙasa da ƙasa) da murya a manhaja, ya fi, don â ba dogon a na Hausa ba ne. Daga can bayan baki yake fita, ya ɗan karkata zuwa o.

Gwaji a kanti ba ya cin minti biyu. Nemi خواهر ('yar'uwa): in an rubuta khâhar, furucin yau ne, don ba a furta harafin wawu (و) da ke cikinta. Nemi شیر: madara da zaki duk shir ne a Iran, amma a karin Dari na Afganistan zaki sher ne. Sai ka duba misalan jimla ko suna nuna izafa, wato -e mai haɗa kalmomi kamar ketâb-e man (littafina), wadda galibi ba ta fitowa a rubutu.

Mai nufin Tajikistan ya nemi littafi dabam, can da haruffan Rasha ake rubutu. Maganar titin Tehran kuma sai da kunne: nân (burodi) nun ake cewa.