Ta sama ko ta ruwa? Amsa ga mai ɗauko kaya jefi-jefi daga Chaina

Hajiya, ga yadda na fahimci tambayarki. Kina sayen jakunkunan mata da takalma a 1688, shafin sayen kayan sari na Chaina a intanet, ba kullum ba, sai jari ya ɗan taru. Wannan karon katan goma ne da wasu 'yan fawa-bank. Ejan guda ya ce a saka ta sama, wani ya ce ta ruwa, na uku ya kawo maganar DHL, kamfanin aika saƙon gaggawa, kowa da farashinsa, kin rasa na ɗauka.

Jakunkuna da takalma dai ta ruwa suka dace, sai fa in lokaci ya ƙure miki. Amma bari in shimfiɗa miki dalilin, domin kayanki na gaba ba lallai su zama irin waɗannan ba.

Farashin nan uku ba a jera su a ce wannan ya fi wancan, don ba abu ɗaya ake sayar miki ba. Mai ruwa wuri yake sayarwa, da ma'aunin CBM, wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Mai sama kilo yake faɗa miki, sai dai kilonsa iri biyu ne. Akwai wanda sikeli ya nuna, akwai kuma kilon girma: a ninka tsawon katan da faɗinsa da tsayinsa a santimita, a raba da 6,000. Wanda ya fi yawa a cikin biyun shi za ki biya. Kada ki ɗauka cuta ce. Direban tasha ma in kin kai masa katifa ba ya duba rashin nauyinta, kujerun da ta cinye yake lissafawa.

Mu ɗauki katan mai santimita 60 da 40 da 40. In an ninka, 96,000 ke nan. A raba da 6,000, ya ba da kilo 16. Jaka kuwa rabinta iska ce da takardar cushe, ƙila katan ɗin bai wuce kilo 7 a sikeli ba, amma kuɗin kilo 16 za a karɓa. Katan goma sun zama kilo 160 a takarda, alhali kilo 70 ne a hannu. Waɗannan katan goman a wajen mai ruwa CBM 0.96 ne, ko CBM ɗaya ba su cika ba. A ce, don misali kawai, an ce miki dala 8 kowane kilo ta sama, dala 300 kowane CBM ta ruwa. Ta sama dala 1,280 ke nan, ta ruwa dala 288. Ki cire lambobina ki saka waɗanda aka ba ki, za ki ga tazarar ba ta kusa ba ce. Abin riƙewa shi ne CBM ɗaya daidai yake da kilo 167 a lissafin jirgin sama, ko da auduga ce a ciki.

To ina sama ta fi? A kayan da suke ƙanana, masu tsada, masu saurin fita: waya, gilashin waya, agogo, sarƙa da 'yan kunne. 'Yan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba don sun raina kuɗi suke saka kaya ta sama ba. Kwali ɗaya zai iya ɗaukar kayan miliyoyi, kuɗin dakon in an raba wa kowane guda bai taka kara ya karya ba, sannan yayin kayan ba ya jira. Haka nan in kayanki ba su kai mafi ƙarancin awon da ejan ruwa ke karɓa ba, zai caje ki kuɗin wannan awon ne, sai ki tarar arahar ta gudu. Kaya masu nauyin gaske irin ƙarfe ko tayil su ma ki yi tambaya, don ejan da yawa suna da iyakar kilon da suke yarda da shi a CBM ɗaya, in an wuce su koma lissafin nauyi.

Babban kuɗin ruwa ba a rasit yake ba, lokaci ne. Ta sama mako ɗaya zuwa biyu kaya sun iso. Ta ruwa sai an jira kwantena ta cika a Guangzhou ko Yiwu, jirgi ya yi fiye da wata guda a teku, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can ko Lekki a Legas, kwastam su gama nasu, sannan tirela ta kamo hanyar Kano, kusan kilomita 1,000. Ki sa wata biyu zuwa uku a ranki, in ya zo da wuri ki gode wa Allah. Duk tsawon nan jarinki yana kwance. Kuma ejan da yawa da dala suke yanka farashi, su karɓi naira ranar da kaya suka iso, a canjin ranar. Waɗanda kayansu ke kan ruwa lokacin da aka saki naira a Yunin 2023 sun ji a jikinsu, domin dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Don haka ki tambaya tun farko: da wane kuɗi zan biya, yaushe, kuma a canjin wace rana?

Ga wani abu da ke cin masu kayan Sallah. A 'yan shekarun nan hutun sabuwar shekarar Chaina yana faɗowa daf da azumi. A 2026 ranar 17 ga Fabrairu ce. Masana'antu kan rufe na makonni, kafin rufewar kuma kowa na rububin fitar da kaya, wuri ya yi wuya, farashi ya hau. Akwai kuma hutunsu na makon farko na Oktoba. Mai son jakunkunanta su riski kasuwar ƙaramar Sallah ta ruwa, tun Nuwamba ya kamata a ce sun bar sito. Wadda ta makara ita ce za ki ga ta biya kuɗin sama a kan kayan da ribarsu ba ta kai ba.

DHL da irinsu ba zan daɗe a kansu ba. Su da 5,000 suke rabawa, katan ɗin nan namu ya koma kilo 19.2, ga farashin kilonsu ya fi na ejan nesa. Amfaninsu sauri, da bin sawun kaya a waya, da kawowa har gida. Na samfur ne ko takardu. Tun Satumban 2025 kwastam sun yafe kuɗin fito a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara, wannan zai taimaki mai karɓar ɗan ƙunshi, amma katan goma sun fi ƙarfinsa.

Kin ce kin yi ta neman ragi ba a ba ki ba. Gaskiya mai saka kaya sau biyu ko uku a shekara ba ta da bakin ciniki, kuma ba raini ba ne. Kamfanonin jiragen sama matakai suke da su, farashin kilo yana sauka a 45, ya ƙara sauka a 100, da 300, da 500, har 1,000. A ruwa kuma kwantena mai ƙafa 20 tana cin wajen CBM 28, doguwar mai ƙafa 40 wajen 68. Ejan yana tara kayan mutane da yawa ya sayi wurin a farashin sari, ya sayar muku a farashin ɗai-ɗai. Ragin da ke hannunki shi ne na rage girman kayan. Ki ce a cire kwalayen takalma in masu sayenki ba su damu da su ba, a fitar da cushen jakunkunan da ba za su lanƙwashe ba, a haɗe ƙananan ƙunsunan 1688 a katan ɗaya maimakon kowanne da kwalinsa. Sannan a turo miki hoton katan a kan sikeli, da tef a jikinsa, da sunanki da lambarki a rubuce. Ejan da ke jin nauyin turo hoton awo, ni ba na sake ba shi kaya. In kina da abokan sana'a biyu ko uku da kika yarda da su, ku haɗa kayanku da suna ɗaya ku haye matakin da ke gaba.

Sai tambayar da ta fi raba farashin gaskiya da na talla: kuɗin nan a ina ya tsaya? Wani farashinsa Legas ne, kiliyarin daban, webil zuwa Kano daban, ɗan dako daban. Wani ya haɗa komai har sitonsa a Kano. Na biyun zai yi kama da mai tsada a waya, in an tattara sai ki ga shi ne mai sauƙi. Ta sama ma akwai masu sauke kaya kai tsaye a filin jirgin Malam Aminu Kano, akwai masu saukewa Legas su ɗoro a mota. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki a Janairun 2023, amma hanyar da kwantena za ta bi shawarar mai kwantena ce, ke dai ki nemi jimilla ɗaya a rubuce, zuwa inda za ki ɗauka da hannunki. Ki kuma tambayi abin da suke biya in katan ya ɓace ko ya jiƙe, da kwana nawa suke ajiye kaya kyauta a sitonsu na can da na nan. Araha ba ta ado, wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa da nisa, ki gwada shi da katan ɗaya tukuna.

Fawa-bank ɗin nan kuma ki ware su, ki faɗa wa ejan ko mene ne. Batirin litiyam yana cikin kayan haɗari a dokar jiragen sama, yana da nasa farashin da tasa hanyar, galibi ta Hong Kong ake bi da shi. Kada wani ya ba ki shawarar cusa su cikin jakunkuna. In na'ura ta gano su, ba kayanki kaɗai za a riƙe ba, har na bayin Allah da kuka haɗa lodi. Haka man shafawa da duk abin da ya shafi NAFDAC, a faɗa tun a sito.

A naki lissafin, da ni ce zan saka katan tara ta ruwa bayan an matse su. Na goman in zaɓi kalolin da aka fi tambaya, in cire musu kwali, in saka ta sama tare da biyan kuɗin batiri daban, su zo ki fara ɗaukar hoto da karɓar oda kafin sauran su sauka.