Allura a Fatar Kai ko Man Shafawa: Wanne Ya Fi?

'Yar'uwa, kin ce likita ya tabbatar miki cewa wurare biyun nan masu santsi da gashi ya zube a kanki, kowanne faɗin kwandala, ba makero ba ne, garkuwar jikinki ce take far wa saiwar gashin, kuma kina son sanin wanda ya fi tsakanin allura da man shafawa. Allah ya ba ki lafiya. Wannan lalura, wadda likitoci ke kira alopecia areata, ba a ɗaukarta daga wani, ko da mataji ɗaya kuke amfani da shi, kuma saiwar gashin ba ta mutu ba, shi ya sa yake iya dawowa.

Allurar da ake yi ita ce triamcinolone, maganin da ke kwantar da farmakin garkuwar jiki a wurin. Ana tsira ta da siririyar allura a cikin fatar wurin, ɗigo-ɗigo, a maimaita bayan mako 4 zuwa 6. Ƙarfinta shi ne tana kai maganin har inda saiwar take, kuma ga babban mutum mai 'yan wurare kaɗan irin naki, ita likitocin fata suka fi farawa da ita. Tana da zafi, kuma wurin yakan ɗan lotsa ko ya yi haske, abin da ya fi fitowa fili a baƙar fata, ko da yake lotsawar takan cike da kanta. Saboda haka ba allurar da za a yi miki a kemis ba ce. Ki nemi sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Man shafawa mai ƙarfi irin su clobetasol ba shi da zafi, a gida za ki shafa, kuma shi ya fi dacewa da yara. Sai dai yana da jinkiri, sai an yi kusan wata 3 kafin a san ko ya karɓe ki, kuma bai kai allura tasiri ba. Abin da ke damuna a nan shi ne sinadarin nan yana cikin mayukan bilicin da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, kuma yawan shafa shi yana sa fata ta yi laushi ta sirance, ƙuraje su feso.

A ganina, ki fara da allura idan za ki iya jure zirga-zirgar, domin wuraren ba su yi yawa ba. Idan zubewar ta cinye rabin kai, to magana ta koma kan ƙwayoyi irin su baricitinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2022, mai tsada da buƙatar gwajin jini da na tarin fuka.

Duk cikinsu babu mai hana lalurar dawowa, don haka kada ki karaya idan wani wurin ya sake buɗewa. Gashin farko yakan fito fari, siriri, daga baya ya yi baƙi. Ki bar goga tafarnuwa, tana ƙona fata. Ki gaya wa mai kitsonki ta sassauta hannu, ɗankwalin ma kada ki matse shi, sannan ki tambayi likita ko akwai buƙatar duba ciwon maƙoƙo (thyroid), domin shi da wannan lalurar sukan haɗu a jiki ɗaya.