Bamako na Abderrahmane Sissako: shari'ar Bankin Duniya a tsakar gida, da abin da mai sayen faifan zai tarar

Bamako fim ne na 2006, an fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, kuma tsawonsa ya ɗan gaza awa biyu. Masu neman faifansa yawanci malaman jami'a ne, ko ƙungiyoyin da ke haɗa mutane su kalli fim su tattauna a kan bashi da talauci. Ya cancanci kuɗinsa. Amma ba fim ne da za a kunna wa jama'a a koma gefe ba, domin duk wanda ya shiga bai san abin da ya sami Mali daga shekarun 1980 zuwa 2005 ba, rabin maganar lauyoyi za ta wuce ta saman kansa.

Ga yadda aka gina shi. An kafa kotu a tsakar wani gida na unguwar Hamdallaye a Bamako, gidan mahaifin daraktan ne da ya tashi a ciki. Mai ƙara ita ce al'ummar Afirka, waɗanda ake ƙara kuma Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. Sissako bai ɗauko 'yan wasa ya sa musu rigar lauya ba. William Bourdon daga Faransa da Aïssata Tall Sall daga Senegal, masu tsaya wa mai ƙara, lauyoyi ne na gaske, haka ma Roland Rappaport da ke kare bankunan. Cikin shaidu akwai Aminata Traoré, marubuciya kuma tsohuwar ministar al'adu ta Mali. An ɗauki zaman kotun da kyamarori da yawa a lokaci guda, har ana hango masu ɗaukar a cikin hoto, shi ya sa ake jin tuntuɓen harshe da katse magana irin na zaman gaske.

Ƙarfin fim ɗin yana gefen kotun. Mutanen gidan ba su tashi don an kawo alƙalai ba. Mata na rini a gefe, ruwan rinin na kwarara a ƙasa, ana shanya yadi a bayan masu shari'a. Ana ɗibar ruwa a famfo. Melé, mawaƙiyar da Aïssa Maïga ta fito a matsayinta, takan fito daga ɗaki ta tsaya a gaban kowa a ɗaure mata igiyar bayan riga, sannan ta wuce abinta. Mijinta Chaka ba shi da aiki, yana zaune yana koyon Ibrananci da fatan in an buɗe ofishin jakadancin Isra'ila a ɗauke shi gadi. 'Yan biki sukan ratso ta tsakiya dole a dakatar da zama. A waje an rataye lasifika domin 'yan unguwa, wani lokaci su saurara, wani lokaci su gaji a kashe ta. Wannan kashe lasifikar shi ne abin da ya raba Bamako da fina-finan wa'azin siyasa: daraktan ya san waɗanda ake magana da yawunsu sun ji irin wannan jawabi har ya gundure su, kuma bai ɓoye hakan ba.

Shaidu uku ne ke tsaya wa mutum a rai. Madou Keita matashi ne da ya ba da labarin ratsa Sahara da abokan tafiyar da ba su kai ba. Samba Diakité tsohon malamin makaranta ne, ya faɗi sunansa, aka ce ya yi bayani, ya yi shiru har ya koma ya zauna. Na ukun tsoho ne, Zégué Bamba, wanda aka hana magana tun farko aka ce ya jira lokacinsa. Can gaba ya miƙe ya rera kukansa da harshensa, tsawon mintuna, babu fassara ko layi ɗaya a ƙasan allo. A nan ne masu nuna fim ɗin suke yawan yin kuskure, su zaci faifan ya lalace su fara latse-latse. Da gangan aka bar wurin haka, kada a taɓa komai.

Haka ma ɗan guntun fim ɗin kaboyi da ke faɗowa a tsakiya, wanda mutanen gidan ke kallo a talabijin da dare. Danny Glover na ciki, da daraktan Falasɗinu Elia Suleiman, 'yan bindiga farare da baƙaƙe suna harbin mutane a Timbuktu, har da malamin makaranta. Wasu na ganin ya karya zaren labari. A ganina ya yi aikin da lauyoyin mai ƙara suka yi wa sanyin jiki, domin ya nuna akwai hannun 'yan gida a ɓarnar.

Inda fim ɗin ya gaza kuwa, a ɓangaren masu kare kai ne. An ba Rappaport dama ya yi magana, ya kuma tabo cin hanci da rashin iya mulki, amma an riga an mai da shi abin dariya: ga shi yana cinikin tabarau da mai talla, ga rago ya tasam masa. Wanda ya zo da shakka ba zai fita da gamsuwa ba, domin bai ji hujjar bankunan daga bakin wanda aka ɗauka da muhimmanci ba. Ba a zauna sosai a kan tambayar su wa suka ciwo bashin, me kuma aka yi da shi. Jawaban rufewa na lauyoyi suna da tsawo, cike da alƙaluma da ake zubowa da sauri, kuma alƙaluman na wancan lokaci ne, kada ɗalibi ya kwafe su a matsayin na yau. Kotun ba ta yanke hukunci ba. Bourdon ya nemi a yanke wa bankunan hidimar al'umma ta har abada, fim ɗin ya ƙare ba a ji ta bakin alƙalai ba.

Kafin a kunna, a ware minti 10 a shimfiɗa wa masu kallo abubuwa kaɗan. Mali ta sami 'yanci daga Faransa a 1960, ta fita daga tsarin kuɗin sefa a 1962, ta dawo a 1984. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, farashin magani da duk kayan da ake shigowa da su ya haura. Sharuɗɗan rancen da Bankin Duniya da IMF suka ba Mali su ne tsuke bakin aljihun gwamnati, rage ma'aikata, da sayar da kamfanoninta. A 2003 aka miƙa layin dogon Dakar zuwa Bamako ga kamfanin Transrail, aka rufe tashoshi da dama, kuma ana kukan wannan a gaban kotun. A shekarar ce Mali da Benin da Burkina Faso da Chadi suka kai ƙorafin tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta gaban taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Cancún na Mexico. Yafe bashin da ake ta jayayya a kansa shi ne wanda ƙasashen G8, wato manyan ƙasashe takwas masu ƙarfin masana'antu, suka sanar a taronsu na Gleneagles da ke Scotland a 2005, Paul Wolfowitz da ake ambata kuma shi ne shugaban Bankin Duniya a lokacin.

Shi kansa faifan, abu na farko a duba fassara. Ana magana da Faransanci da Bambara, saboda haka faifan da aka buga don kasuwar Faransa na iya zuwa babu Ingilishi ko kaɗan. A karanta bayan kwali kafin a biya. Na biyu lambar yanki: faifan DVD na Amurka yanki na 1 ne, na Turai yanki na 2, yawancin Afirka na 5, kuma na'urar da aka kulle a yanki ɗaya ba za ta karɓi na wani ba. Mazubin faifai na kwamfuta kan yarda a sauya yanki sau 5 kawai, daga nan ya kulle a kan na ƙarshe, don haka na'urar da ke karɓar kowane yanki ta fi kwanciyar hankali. Idan aka ga tsawon fim ɗin ya bambanta da minti 4 ko 5 tsakanin bugu biyu, ba lallai an yanke wani abu ba ne. Tsarin PAL na Turai yana juya hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, sai fim ya ɗan gajarta.

Sauti ya fi hoto muhimmanci a nan. Lasifikar da ke jikin majigi ba za ta iya ba, domin muryar shaida tana tafe ne tare da ƙarar famfo da kukan yara da tumaki, kuma ƙaramar lasifika tana cakuɗa su su zama hayaniya. A haɗa ta waje. A kuma duhunta ɗaki, saboda yawancin fim ɗin cikin hasken rana aka ɗauka, farin rubutun fassara na ɓacewa a kan allo mai dusashe. Idan za a raba shi zama biyu, bayan fim ɗin kaboyi ne wurin tsayawa. Akwai bindigar ɗan sanda da ta ɓace a gidan tun da wuri, kuma ƙarshen labarinta mutuwa ce, saboda haka wanda zai nuna wa 'yan sakandare ya fara kallon mintunan ƙarshe shi kaɗai kafin ya yanke shawara.