Batirin kwalekwalen kamun kifi: wanne za ka saya, kuma yaya za ka gane jabu

Masuntan da ke shiga Kogin Galma da dam ɗin Shika a yankin Zariya da dare sun fara ɗora wa batir aikin da a da cocila da filafili suke yi. Fitila ta kwana a kunne, ƙaramin famfo ya riƙa kwarfe ruwan da ke shigowa, wasu ma sun maƙala ƙaramin injin lantarki mai farfela a gindin jirgi. Mafi yawansu kuwa batirin mota suke ɗaurawa, shi ya sa kafin damina ta zagayo an koma kasuwa.

Kafin a yi maganar iri, a yi lissafin abin da jirgi yake ci a dare ɗaya. Fitilun LED biyu masu wat 10 kowanne suna jan kusan amp 1.7, a awa takwas ka ci 14Ah (Ah shi ne amp sau awa, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Famfo ƙarami yana jan amp 2 zuwa 3, in an tara lokacin da yake aiki ya kai awa ɗaya, ka ƙara 3Ah. Injin farfela shi ne mai cin: ƙaraminsa yana jan kusan amp 30 idan an sake masa wuta gaba ɗaya. A ce kana tafiya a hankali da amp 20 na awa biyu, zuwa wurin kalli da dawowa, 40Ah ke nan. Jimilla kusan 57Ah. Wannan adadin ne zai zaɓa maka batir, ba bakin mai shago ba.

Batirin mota a cire shi daga lissafi. Farantan dalmar cikinsa sirara ne, an yi su don su ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan a tada inji, kuma idan ana zuƙe shi kowane dare farantan suna marmashewa. Amfaninsa ɗaya a jirgi shi ne tada injin fetur mai kiyi. Dogon batirin inbata mai 200Ah ko 220Ah yana da juriya, amma ya haura kilo 55, yana amayar da ruwan batir in jirgi ya karkata, kuma babu mai ɗaukarsa daga bakin ruwa zuwa gida kullum. A bar shi a ɗaki.

Batirin dalma rufaffe, wanda ake rubuta AGM ko jel a jikinsa, shi ne na farko da za a iya saurara. Ba ya zuba, ba a ƙara masa ruwa. Matsalarsa rabin abin da aka rubuta kawai za ka iya ci in kana so ya daɗe. Mai 100Ah, 50Ah ne naka. Lissafinmu na sama ya riga ya wuce nan, sai dai ka sayi 120Ah ko 150Ah, ka yi ta dakon kilo 35 zuwa 45. Ga zafi: batirin dalma yana rasa kusan rabin shekarunsa duk lokacin da zafin wurin da yake zama ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10 a kan 25, mu kuwa a Zariya watan Maris da Afrilu sai ka ga zafi ya doshi 40. Duk da haka, wanda fitila da famfo kawai yake kunnawa, AGM mai 100Ah ya ishe shi.

Wanda zai ja farfela kuwa, ni dai ban ga abin da ya kai lithium irin LiFePO4 ba, mai 12.8V da 100Ah. Nauyinsa kilo 10 zuwa 13 ne, yaro ma ya ɗauke shi da hannu ɗaya ya ɗora a babur. A kwalekwale wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kilo 20 da ka rage na batir kifi ne ko koma za su maye gurbinsa, jirgi kuma ba zai nutsa ta gefe ɗaya ba. Za ka iya cin 80Ah zuwa 90Ah daga cikin 100 ba tare da ka cutar da shi ba. Wutarsa tana tsayawa wajen 13V har kusan ƙarshe, saboda haka farfela ba ta yin sanyi da asuba lokacin da jirgi ya yi nauyi. Ba ya damuwa in ka bar shi rabin caji kwana biyu saboda ba a kawo wuta ba, alhali wannan shi ne ajalin batirin dalma: farin gishiri ya kama farantansa ya daskare, ya daina riƙe caji. Na gaske yana jure caji da saukewa sau 2,000 ko fiye, AGM kuwa ɗaruruwa ake ƙirga masa. Kuɗinsa ya fi yawa ranar saye, babu musu, amma kafin ya gaji ka canza na dalma sau da yawa.

Yana da sharuɗɗansa. A cikinsa akwai allon kariya da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta idan caji ya yi yawa ko ya ƙare. Tambayi amp nawa allon yake ɗauka. Mai 100A ake so, domin babban injin farfela yana jan kusan amp 50. Allon nan ba ya shiri da ruwa, don haka a sa batirin a akwatin roba mai murfi, a ɗaga shi a kan katako daga ƙasan jirgi, a ɗaure shi da igiya. Cajarsa ta musamman ce, mai tsayawa a 14.2V zuwa 14.6V. Kada ka kai shi shagon mai cajin batirin mota a jera shi da sauran, kuma kada ka tada injin fetur da shi sai in an rubuta cewa an yi shi don haka.

Sai maganar jabu, wadda ta fi duk abin da ke sama muhimmanci, domin AGM na gaske ya fi lithium na ƙarya. Takardar da ke manne a jikin batir ana buga ta a ko'ina. Ko a Sabon Gari za ka saya, ko PZ, ko ka tafi Kano, ka je da mita mai auna ƙarfin wutar batir da sikeli.

Na dalma, nauyi ne shaidarsa. AGM mai 100Ah na gaske yana tsakanin kilo 28 da 32. Idan sikeli ya nuna 22, to 70Ah ne aka sa wa riga. Masu wayo sun gano haka, suna cika ƙasan kwalin da yashi ko siminti, don haka sikeli kaɗai bai isa ba. Duba ranar ƙira da aka buga da zafi a jikin robar murfi, ka ƙyale wadda aka liƙa. Wanda ya haura wata shida a shago ba a caja shi ba ya riga ya fara mutuwa. Ɗora mita: cikakke ya nuna 12.6V zuwa 12.8V. In ka ga 13V ko fiye, yanzu aka cire shi daga caja don a burge ka, sai ka kunna masa kwan fitilar mota na minti biyu ka sake aunawa. Duba gefensa ko ya kumbura, duba kawunansa ko akwai sawun sifana. Batiran gwanjo da aka ciro daga turakun sadarwa suna zuwa a goge, a fesa musu fenti, nauyinsu daidai, amma sun gama aikinsu tun a can.

Na lithium ya fi haɗari. Ana tattara tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka a jera a kwali mai kyau a rubuta LiFePO4. Waɗannan su ne masu kama wuta, kuma gobara a tsakiyar dam ba wurin gudu. Mita tana tona su: LiFePO4 na gaske ƙwaya huɗu ne masu 3.2V, in ya cika ya huta zai nuna 13.3V zuwa 13.6V. Wanda ya cika ya tsaya a 12.6V, ko ya haura 16V, wani iri ne daban. Wanda aka ce 100Ah amma kilo 6 ne, ajiye shi.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na kwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan kusan amp 4.5. Caja batirin ya cika, ka haɗa kwan, ka duba agogo. Lithium mai 100Ah ya kamata ya riƙe shi kusan awa 20 kafin allon ya yanke. AGM kuwa bayan awa 11 ka cire kwan, ka bari ya huta awa ɗaya, mita ta nuna 12.1V ko 12.2V. Ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya cewa in ya faɗi gwajin nan za ka dawo da shi, a rubuta a rasit tare da lambar batirin da watannin garanti. Wanda ya ce "Alhaji, ai kayanmu ba sai an gwada ba", ka yi masa sallama.

Wajen canzawa, cire wayar baƙi ta (-) da farko, ka mayar da ita a ƙarshe, kada sifana ta haɗa wuta. Sa fis ko bireka a wayar ja, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kan batir: 60A ga babban injin farfela, 5A ko 10A ga layin fitila. Wayar inji ta zama tagulla zalla mai kaurin 16mm², domin siririya tana ɗumi tana cinye wutar a hanya. A ɗaure kawunan da noti maimakon maƙata mai baki, a shafa musu man girisi kaɗan. Kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa, haka ma dalma da lithium. Tsohon batirin a kai wa masu sayen dalma a karɓi kuɗi, kada a jefa shi a ruwan da ake sha ake su a ciki. Jona batir a ruwa don kashe kifi da wuta kuma laifi ne a dokar kamun kifi ta cikin gida ta 1992.