Gwanjon tsofaffin kuɗi: a fasa ciniki ko a yanke farashi tun farko?

Masu sayar da tsofaffin tsabar kuɗi ta intanet a Sakkwato, irin su anini da kwabo mai huda na zamanin Turawa, da sulallan da aka daina kashewa bayan zuwan naira a 1973, hanya biyu ce gabansu.

Wani yakan fara gwanjo da ɗan farashi kaɗan don ya jawo jama'a. In lokaci ya cika tayi bai yi masa ba, sai ya ce kayan sun ɓata, ya soke. Kwabonsa na hannunsa, amma mutuncinsa ya zube. A eBay, shafin gwanjo na intanet, soke ciniki saboda rashin kaya yana zama tabo a asusun mai sayarwa, wanda aka yi wa kuma zai rubuta kowa ya gani. A kasuwa ana cewa "albarka" ne kafin a sallama, kuma buɗe gwanjo ba tare da sharaɗi ba sallamawa ce. Malikiyya ma ba ta yarda a fasa bayan an ƙulla ciniki ba, sai da yardar mai saye.

Wani kuwa yakan sa mafi ƙarancin abin da zai karɓa tun farko. Masu tayi za su ragu, eBay ma tana cajin kuɗi in an ɓoye wa masu tayi wannan farashi, wani lokacin kayan su kwantai. Ni dai wannan na zaɓa, domin babu wanda aka yaudara.