Lekki Conservation Centre: Wurin Ya Yi Nasa, Saura Mai Ziyara

Duk wanda ke shirin kwasar iyali ko ɗaliban Islamiyya daga Agege, Idi-Araba ko Mile 12 zuwa Lekki Conservation Centre, gandun kare daji da dabbobi da ke Legas, tambayar da iyaye mata ke fara yi masa ita ce: "Malam, wai da gaske akwai kada a wurin?" E, akwai kada, akwai mesa, akwai guza, ga birai kamar ƙasa. Zaki da kura dai babu, wanda ke son zakin dawa a Najeriya sai dai ya nufi Yankari ko Kainji. Abin dubawa shi ne ko tsarin wurin ya raba mutum da abubuwan da ke sa naman dawa ya far masa. A taƙaice ya raba, sai ɗan abin da masu ziyara ke shigowa da shi da hannunsu.

Wurin yana kan titin Lekki zuwa Epe, daura da Chevron. Daga Obalende motar Ajah ake shiga a sauka a hanya. Ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation ce ta kafa shi a 1990 da tallafin kamfanin Chevron, a kan fili mai faɗin hekta 78, wani ɓangare fadama da kurmi, wani ɓangare sarari mai ciyawa. Kuɗin shiga daban, kuɗin hawa gadar sama (gadar ƙafa mai lilo da ta ratsa saman bishiyoyi) daban, don haka mai lissafin yara ashirin ya tambayi duka biyun tun kafin a baro gida.

Babban abin yabo shi ne hanyar katako da aka ɗaga sama da ƙasa, mai makari hagu da dama, wadda ta ratsa fadamar kusan kilomita biyu. Wanda bai san halin kada ba zai ɗauka don gudun taɓo kawai aka yi ta. Kada ba ya farauta da gudu, kwanto yake yi. Idanunsa da hancinsa a saman kai suke, yakan nutse ya bar su kaɗai a waje kamar ɓawon itace, ruwan da bai kai gwiwa ba ma ya ishe shi ɓuya. Duk ƙarfinsa a zabura ɗaya yake, daga bakin ruwa zuwa kamar tsawon jikinsa. Shi ya sa akasarin waɗanda kada ke kamawa a Afirka masu wanki ne, masu ɗebo ruwa, masunta da yara masu wanka, wato mutanen da suka tsuguna a gaɓa. Tsugunon nan yana rage girman mutum a idon dabba, ya mai da shi daidai da akuya ko gada. Kada kuma yana riƙe lokaci: in aka saba zuwa mashaya ɗaya a sa'a ɗaya kullum, to wata rana zai riga mutum isa. A Kuwinsland ta Ostareliya, inda suka sha fama da shi, shawarar hukuma ita ce a bar mita 5 tsakanin mutum da bakin ruwa. Hanyar katakon Lekki ta ɗauke wa mai ziyara wannan lissafin, muddin ya tsaya a kanta. Saurayin da ya haure makari don ya ɗauki hoto kusa da ruwa, ko yarinyar da aka zaunar a kan makarin ƙafafunta na reto, su ne suka mayar da hannun agogo baya.

Abu na biyu, ana rufe wurin wajen ƙarfe 5 na yamma. Wasu kan yi ƙorafin cewa da wuri ne, ga cunkoson Lekki ya cinye rabin yini. A'a, daidai ne. Almuru, dare da asuba su ne lokutan farautar kada da mesa, kuma haka abin yake ga akasarin manyan namun dawa masu farauta. A Tanzaniya zakuna sun kashe mutum sama da 560 daga 1990 zuwa 2005, da yawansu manoma ne da ke kwana a bukkokin gona suna gadin amfani saboda aladun daji. Zakin aladen ya biyo, sai ya tarar da mutum a kwance. Binciken da ya biyo baya ya nuna harin ya fi yawa a dararen da ke bayan cikar wata, lokacin da farkon dare ke da duhu kuma jama'a ba su shige ɗaki ba tukuna.

Inda matsala take shi ne birai, kuma su ba ma mafarauta ba ne. Ƙananan birai ne masu farin ƙirji da doguwar jela, babban namiji kimanin kilo biyar ne, amma sun saba da mutane har sun daina jin tsoro. Ƙarar leda kaɗai ta isa. Yaro ya zaro biskit daga jaka, kafin ya yage takardar ɗaya ya diro kan makari, na biyu yana bayansa, na uku yana leƙo daga reshe yana kallon hannun kawai. Sabo turken wawa, kuma a nan sabon ya ɗaure ɓangarorin biyu. Dabbar da ta koyi cewa hannun mutum na nufin abinci ba ta roƙo, karɓa take yi, in aka hana ta sai ta kai cizo ko yakushi. Ta wannan hanyar ce kuraye ke sabawa da bolar bayan gari, haka ma kadan da ke zarya inda mahauta da masu kifi ke zubar da kayan ciki. Maganin mai sauƙi ne: abinci da lemo su zauna cikin jaka mai zif har a isa filin shaƙatawa, kada a riƙe leda a hannu ko da babu komai cikinta, in biri ya riga ya cafke abu a sakar masa. Kada a zuba masa ido cikin ido, kada a yi masa dariya haƙora a waje, don a wurinsa wannan neman faɗa ne. A ja da baya a hankali, ban da ihu da gudu.

Maganar yara kuwa, wani nazari da aka buga a 2016 kan hare-hare kusan 700 na manyan namun dawa a Turai da Arewacin Amurka ya gano kusan rabinsu sun biyo bayan gangancin mutane ne, kuma kan gaba a jerin shi ne barin yaro shi kaɗai. Ma'aikacin da ke jagorantar ayari yana gaba ne, ba shi da ido a ƙeya. Ayarin makaranta na buƙatar babba ɗaya ga yara biyar, malami ɗaya a gaba, malama ɗaya a can ƙarshe, a ƙirga kai a farkon hanya, a sake ƙirgawa a fita. Uwar da ta goya jariri ta tabbatar babu kwalbar madara a hannunsa.

Gadar sama, wadda tsawonta mita 401 ne kuma ake mata kirari da mafi tsawo a Afirka, ba ta da alaƙa da cizo, sai dai jiri. Ƙololuwarta ta haura mita 22, tana lilo, kuma ma'aikata na barin tazara tsakanin masu hawa. In an yi ruwa akan dakatar da hawa. Mai babbar riga ya tattare ta, a sa takalmi mai rufi maimakon silifa, wanda kuma shi ne daidai ga ciyawar filin shaƙatawa saboda maciji. A filin akwai rumfunan zama, tafkunan kifi da manyan allunan wasa a ƙasa, can wajen ƙofa kuma ga ɗawisu da tsohon kunkuru da yara ba sa gajiya da kallo.

Ranakun Asabar, Lahadi da hutun Sallah wurin na cika, kuma yawan jama'a na nufin yawan leda, yawan leda na nufin birai sun fi rashin kunya. Tsakiyar mako da safe ya fi. Da damina katakon na santsi, a hana yara tsere. A sa sabulu da gorar ruwa babba a mota: in biri ya ciji wani ko ya yakushe shi har fata ta buɗe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na tsawon minti 15, a sanar da ma'aikata, sannan a wuce asibiti a ranar don a duba batun allurar haukan kare da ta tetanus, ko da ciwon bai fi tsagar allura ba.